Ko Aji Yana Haifar da Shugaba? Sharhi a kan Littafin Henry Mintzberg

Akwai wata tambaya da ba a cika yin ta a fili ba, ko da yake duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin wani a ma'aikata, ko a makaranta, ko a ƙungiya, ya san nauyinta: a ina ake koyon riƙon jama'a? Malamin da ya shekara 15 yana riƙe da alli, wata safiya takarda takan zo masa daga sama cewa ya zama darakta. Daga ranar nan littafin kuɗi, da rikicin malamai biyu da ba sa ga maciji da juna, da ƙorafin iyayen yara, da rufin ajin da iska ta yaye, duk sun hau kansa, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya karanta masa babin ko ɗaya daga cikinsu. A ɗaya gefen kuma ga saurayi ɗan shekara 24, ya fito daga makarantar koyon kasuwanci da babbar takarda wadda ta shaida cewa ya iya gudanarwa da jagoranci, amma bai taɓa tsawata wa ma'aikaci ba, bai kuma taɓa kwana da tunanin inda albashin mutum 10 zai fito ba. Na farko yana da kaya ba shi da gammo, na biyu yana da gammo ba shi da kaya.

A kan wannan saurayi na biyu ne Henry Mintzberg, shehin malami a jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, ya rubuta littafinsa mai suna Managers Not MBAs, wanda ya fito a 2004, aka kuma fassara shi da Faransanci a 2005 da sunan Des managers, des vrais ! Pas des MBA. MBA ita ce takardar da manyan makarantun kasuwanci suke bayarwa bayan karatun shekara ɗaya ko biyu, da alkawarin cewa mai ita ya shirya riƙe ragamar kamfani ko hukuma. Littafin ya tuhumi wannan alkawari tun daga tushe. Sama da shekara 20 ke nan da fitowarsa, lokaci ya yi da za a auna shi a tsanake, a ga inda ya faɗi gaskiya, da inda ya zarce, da kuma abin da ya rage a cikinsa ga mai karatun da ke nesa da Boston da Montréal.

Mai littafin da tushen ra'ayinsa

An haifi Mintzberg a Montréal a 1939. Injiniya ne tun farko, ya yi aiki a kamfanin jirgin ƙasa na Kanada, sannan ya kammala digirin dakta a MIT ta Amurka a 1968. Abin da ya fito da sunansa aiki ne mai sauƙin faɗi: ya bi shugabanni 5, kowanne mako guda, yana rubuta duk abin da suke yi tun daga safe har yamma. A cikinsu akwai shugaban asibiti da shugaban makarantun wata gunduma. Sakamakon ya fito a littafinsa na 1973, The Nature of Managerial Work. Ya gano cewa rabin ayyukan da suke yi ba sa kai minti 9, kashi 10 cikin 100 ne kawai suke wuce awa guda, kuma mafi yawan lokacinsu a magana ta baka yake ƙarewa.

Wannan ya ci karo da abin da ake karantarwa tun zamanin Henri Fayol, injiniyan ma'adinai na Faransa wanda ya shugabanci kamfanin Commentry-Fourchambault daga 1888 zuwa 1918. A littafinsa na 1916 Fayol ya raba aikin mai gudanarwa gida biyar: hangen gaba, tsarawa, ba da umurni, daidaitawa, da bin diddigi. Duk wanda ya yi karatun mulki ko gudanarwa da Faransanci ya haddace waɗannan biyar kamar yadda yaro yake haddace baƙi da wasali. Mintzberg ya nuna cewa jerin yana bayanin abin da ake fata shugaba ya cim ma, amma ba ya kama da ranar aikinsa, wadda cike take da katsewa, da baƙi, da waya, da gobarar da ake kashewa kafin wata ta tashi. Duk daraktan makarantar da ya karanta wannan zai ga ranar Litinin ɗinsa a ciki.

Daga nan ra'ayin littafin 2004 ya tsiro. A wurin marubucin, gudanarwa kamar tukunya ce da ke zaune bisa murhu mai duwatsu uku. Dutse na farko basira ce, wato hange da ƙirƙira. Na biyu ƙwarewa ce, irin wadda hannu yake samu a wurin aiki. Na uku kimiyya ce, wato lissafi da nazari. Hujjarsa ita ce makarantun kasuwanci sun ɗora tukunyar bisa dutse na uku kaɗai, sa'annan suka sanar da duniya cewa tuwo ya nuna.

Tuhuma uku

Tuhuma ta farko ta shafi ɗaliban. Yawancin masu shiga manyan makarantun matasa ne da suka yi ƴan shekaru a banki ko a kamfanin ba da shawara, ba su taɓa riƙe mutane ba. Wanda bai ɗanɗana nauyin abu ba, in aka karanta masa shi, kalmomi kawai zai kwasa.

Tuhuma ta biyu ta shafi hanyar koyarwa, kuma a nan marubucin ya bi tarihi. An kafa makarantar Wharton a 1881, ta Harvard kuma a 1908. A 1959 rahotanni biyu, ɗaya da kuɗin gidauniyar Ford, ɗaya da na Carnegie, suka zargi makarantun da rashin zurfin ilimi. Maganin da aka sha shi ne cika su da masana tattalin arziki da lissafi da ƙididdiga. Makarantun suka samu daraja a idon jami'a, amma karatun ya rarrabu: kuɗi daban, talla daban, lissafin kamfani daban, kowane malami da rumfarsa. Haɗa su wuri guda, wanda shi ne ainihin aikin mai gudanarwa, sai aka bar wa ɗalibi.

Harvard ta yi suna da wata hanya dabam, wadda shugabanta Wallace Donham, lauya ne, ya aro daga makarantar shari'a a farkon shekarun 1920. Ana iya kiran ta hanyar mas'ala. Ana ba ɗalibi labarin wani kamfani a rubuce, da alkalummansa, da matsalar da ta taso masa. Ya karanta da dare, da safe ya shiga aji tare da mutum wajen 90, a yi muhawara ta minti 80, kowa ya faɗi hukuncin da zai yanke da shi ne shugaba. A shekara biyu ɗalibi yakan bi ta kan mas'ala wajen 500, kuma kusan rabin makinsa daga maganar da ya yi a aji yake fitowa. Shafukan da Mintzberg ya rubuta a kan wannan su ne mafi kaifi a littafin. Yaron da bai taɓa taka ƙofar kamfanin ba, bai san ma'aikacinsa ko ɗaya ba, bai taɓa kayan da ake sayarwa ba, an hore shi sau 500 ya yanke hukunci cikin gaggawa da cikakken tabbaci, kuma ba zai kwana da sakamakon ba, domin gobe wani kamfanin ne a teburinsa. Wanda ya ce bai sani ba, makinsa ya faɗi. Hausawa sun riga sun yi wa irin wannan aji take: dokin mai baki ya fi gudu.

Tuhuma ta uku ta shafi abin da ya biyo baya. Irin wannan horo, in ji shi, yana fitar da shugaba iri biyu: mai lissafi wanda yake ganin mutane a matsayin alkalumma, da gwarzo wanda yake saukowa daga sama ya ceci kamfanin da bai sani ba, ya kori dubbai, ya karɓi ladarsa, ya wuce kafin a ga ɓarnar. Babban misalinsa Robert McNamara ne, wanda ya samu MBA a Harvard a 1939, ya zama shugaban kamfanin Ford a 1960, ministan tsaron Amurka daga 1961 zuwa 1968, sannan shugaban Bankin Duniya har 1981. A yaƙin Biyetnam an riƙa auna nasara da ƙidayar gawarwaki da bamabamai, abin da ba ya ƙidayuwa kuma, kamar zuciyar manomin da aka ƙona wa ƙauye, aka ɗauke shi tamkar babu shi. Shi kansa McNamara ya amsa a 1995 cewa sun tafka kuskure. Bugu da ƙari, Mintzberg da abokin aikinsa Joseph Lampel sun ɗauki sunayen tsofaffin ɗaliban Harvard 19 da wani littafi na 1990 ya jera a matsayin taurari, suka bi sawunsu. Suka iske 10 sun faɗi warwas, 4 aikinsu akwai shakka, 5 kaɗai suka tsira da mutuncinsu.

Inda littafin ya tsaya da ƙafafunsa

Ƙarfin littafin yana cikin abu guda da ya ƙi sassautawa a kai: shugabanci ba ya rabuwa da sanin wuri. Tun daga maƙalar Abraham Zaleznik ta 1977 aka saba bambanta jagora da mai gudanarwa, a ɗaukaka na farko a matsayin mai hangen nesa, a mayar da na biyu ɗan aike mai cike takardu. Mintzberg ya ƙi wannan rabo. Jagoran da ba ya gudanarwa bai san abin da ke faruwa a gidansa ba, mai gudanarwar da ba ya jagoranci kuma yana kashe wa mutane gwiwa. Wannan magana ta fi ƙarfin kamfani. Ta shafi sufeton da bai taɓa kwana a ƙauyen da ya tura malami ba, ta shafi shugaban ƙungiyar al'adu wanda ya iya jawabi amma bai san nawa ne a asusu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka nan zargin ya fi kama tsarin karatun Faransanci fiye da na Amurka da aka rubuta shi dominsa. Ɗalibin Harvard ko ba komai ya yi ƴan shekaru yana aiki. A tsarin LMD, wanda ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007, ana iya wucewa daga lisai zuwa lisans, daga lisans zuwa masta a fannin gudanarwa, ba tare da an taɓa karɓar albashi ko an biya wani ba. Mas'alolin da ake karantawa kuwa galibi na kamfanonin Turai da Amurka ne, inda wuta ba ta ɗaukewa, banki yana ba da bashi, kotu tana yanke shari'a a kan lokaci. Ɗalibin Yamai ko Tawa da ke muhawara a kan irin wannan kamfani nisansa biyu ne: bai san aikin ba, bai kuma san ƙasar ba.

Inda ya yi rauni

To amma littafin da ya zargi wasu da saurin yanke hukunci, shi ma bai kuɓuta ba. Mutum 19 ba su isa hujja a kan dubban ɗaruruwa ba, musamman da yake ba a jera wasu 19 marasa MBA a gefe an ga nawa ne suka faɗi ba. Kujerar shugaban babban kamfani dama mai santsi ce. Gaskiya ne daga baya Danny Miller da Xiaowei Xu sun yi nazari mafi faɗi a kan shugabanni 444 da manyan mujallun kasuwanci na Amurka suka sa hotonsu a bango tsakanin 1970 da 2008, suka iske kamfanonin masu MBA sun fi saurin komawa baya bayan yabon. Wannan ya ƙarfafa zargin, amma bai warware tambayar ba: makarantar ce ta cusa musu halin, ko masu halin ne dama suke neman makarantar?

Misalin McNamara ma takobi ne mai kaifi biyu. Ya bar aji shekara 20 kafin gyaran 1959 da littafin ya ɗora wa laifi. Kafin ya shiga gwamnati ya shekara 14 a Ford, daga 1946 zuwa 1960, yana riƙe da mutane da masana'antu. Ashe yana da irin ƙwarewar da Mintzberg yake nema, kuma ba ta hana shi ɓata ba. Daɗewa a aiki tana iya koya wa mutum tawali'u, tana kuma iya tabbatar masa cewa hanyar da ta yi masa rana jiya ita ce hanya har abada.

Rauni na biyu yana cikin rabin littafin na ƙarshe. A nan marubucin ya bayyana shirin da shi da Jonathan Gosling da wasu suka kafa a 1996, mai suna IMPM. Ba a ɗaukar kowa sai wanda yake kan aikin gudanarwa, ma'aikatarsa ce take turo shi, ba ya kuma barin aikinsa. Ana haɗuwa sau 5, kowane zama a wata ƙasa; a lokacin da littafin ya fito ƙasashen su ne Ingila, Kanada, Indiya, Japan, Faransa. Kowane zama da hankalin da ake son tarbiyyantarwa: waiwaye, nazari, sanin duniyar wasu, haɗin kai, da aiki. Ana zama a tebura masu kewaye, rabin lokaci na malami, rabi na mahalarta su auna abin da suka ji da abin da suka gani a wurin aikinsu. Kowa yakan je ya yi kwanaki a ofishin ɗan'uwansa yana kallo. Tsari ne mai kyau ƙwarai. Sai dai mai sayar da maganin shi ne ya rubuta shaidar warkarwarsa, kuma ma'aunin da ya tsananta wa Harvard bai ɗora shi a kan nasa shirin ba. Ga kuma tsada: irin su Lufthansa da Fujitsu da Matsushita ne suka iya tura mutanensu zagayen nahiyoyi uku.

Rauni na uku shi ne mafi nauyi, kuma marubucin bai tsaya kansa yadda ya kamata ba. In aka ce ba mai shiga aji sai wanda aka riga aka ba ragama, to wa yake ba da ragamar? Mai kamfani, ko uba, ko ubangida, ko jam'iyya. Takarda, duk da aibinta, ƙofa ce da ɗan talaka da ƴa mace suke iya ƙwanƙwasawa ba tare da sanin kowa ba. Ɗan manomin da ya ci jarrabawa ya shiga makarantar horar da ma'aikatan mulki ta Yamai, wadda aka kafa a 1963, ko ya samu gurbi a CESAG ta Dakar, da an jira sai wani ya fara naɗa shi, da har abada bai shiga ba. Rufe wannan ƙofa da sunan ƙwarewa yana iya zama mayar da shugabanci gado.

Gwaji a kasuwar Maraɗi

Hanya mafi adalci ta auna ra'ayin Mintzberg ita ce a nemi wurin da ake koyon gudanarwa da hannu zalla, ba aji ba allo, a ga abin da ya haifar. Irin wannan wuri yana cikin littafin Emmanuel Grégoire na 1986, Les Alhazai de Maradi, wanda ya bi tarihin manyan ƴan kasuwar garin tun daga cinikin gyaɗa da kamfanonin Turawa har zuwa safarar kaya da Najeriya. Ginshiƙin tsarin shi ne dangantakar ubangida da bara. Yaro yana farawa da ɗaukar kaya da aike. In an ga amanarsa a ba shi haja ya sayar, a tura shi Katsina ko Kano, a hankali a sakar masa jari ya tsaya da kansa, amma zumuncin bai yanke ba. Darajar alhaji ba a kuɗi kaɗai take ba, tana cikin abin da Grégoire ya jawo hankali a kai, wato arzikin mutane. Wannan ita ce makarantar Mintzberg ba tare da bango ba, kuma ta fitar da mutanen da suka iya karanta fuska, da farashi, da canjin naira da sefa, fiye da yadda wata mas'ala a takarda za ta koyar.

Amma duk wanda ya zauna a garin kasuwa ya san ɗaya fuskar. Kuɗin shago da kuɗin cefane aljihu ɗaya suke. Littafin bashi yana cikin kan maigida. Bara yana gadon dabarun ubangidansa tare da kurakuransa, kuma ladabi ya hana shi tambaya. Ranar da maigida ya kwanta dama, a raba gado, barori su watse, gidan da ya shekara 40 yana ciyar da unguwa ya zama labari. Ba a cika samun gidan kasuwanci da ya kai jika yana nan da ƙarfinsa ba. Wanda kuma yake son ya wuce saye da sayarwa ya kafa masana'anta, banki zai nemi lissafi a rubuce bisa dokokin OHADA, waɗanda Nijar take cikin ƙasashen da suka rattaba wa hannu a 1993. A nan ba ƙwarewa ce ta yi ƙaranci ba, dutse na uku ne babu.

Haka abin yake a ɓangaren hukuma. Bankin raya ƙasa na BDRN, wanda aka kafa a 1961, ya durƙushe a 1990, kuma basussukan da aka kasa karɓowa suna cikin manyan dalilan. Abin da ya ɓace a irin wannan hali shi ne aiki na biyar a jerin Fayol, bin diddigi, wato jerin da Mintzberg ya yi suna wajen rage wa daraja. Adalci ne a ce shi ma ya ambata cewa gudanarwar da ba ta da kimiyya takan zama hargitsi. Amma a taƙaice ya faɗe ta, domin majinyacin da ke gabansa lissafi ne ya yi masa yawa. Wanda ya kwafi takardar maganin ya kai wa majinyacin da lissafi ya yi wa kaɗan, zai ƙara masa ciwo. Babban haɗarin littafin a wannan yanki shi ne ya zama hujja a bakin mai cewa karatu ba ya ƙara komai.

Bayan shekara 20

Zamani ya ba marubucin gaskiya a wani fanni. Bayan rikicin kuɗi na 2008, wanda masu manyan takardu suke tsakiyarsa, wasu ɗaliban Harvard sun ƙirƙiro rantsuwar riƙon amana a 2009, makarantar kuma ta shigo da darasin fita fili a 2011, inda ɗalibai suke zuwa su yi aiki da kamfanoni na gaske. Amma MBA ba ta mutu ba, domin abin da ake saye a can ba darasi kaɗai ba ne: ana sayen suna, da abokai, da ƙofar albashi mai tsoka. Littafin ya ci muhawara, kasuwa kuma ta ci gaba da ci.

Abin da ya fi amfani ga malamai da ƙungiyoyi yana cikin wani ƙaramin reshe da ya tsiro daga baya. A 2007 Mintzberg da Phil LeNir suka kafa wani tsari inda masu gudanarwa ƴan kaɗan suke haɗuwa a wurin aikinsu na minti 90, ba malami, da ɗan rubutu a kan batu guda, su tattauna abin da ya same su. Ba jirgi, ba otal. Malamin Nijar ba baƙo ba ne ga wannan siffa, domin haka tarukan CAPED suke a asalin manufarsu: abokan aiki su zauna su koya daga juna. Abin da ya rage shi ne a yi wa daraktoci irinsa a kan riƙon makaranta, a kuma haɗa da dutsen da ya ɓace, wato yadda ake rubuta shiga da fita, da yadda ake karanta kasafi a gaban jama'a. Kwamitocin COGES, waɗanda aka gwada sabon salonsu a jihar Tawa tun daga 2004 kafin ya bazu, sun ɗora wa iyaye da daraktoci nauyin tsara aiki da riƙe kuɗi. Waɗannan mutane ne masu kaya a ka, su ne suka fi cancantar gammo.

Makarantun koyon kasuwanci na gida kuma littafin ya bar musu aiki biyu. Na farko, su kira abin da suke koyarwa da sunansa. Lissafin kamfani, da doka, da haraji, da dabarun talla, duk ana koyon su a aji, kuma ƙasa tana ƙishinsu. Takardar da ta ce saurayi ya iya waɗannan gaskiya ta faɗa, wadda ta ce ya zama jagora kuwa ta yi masa rantsuwa a kan abin da ba ta gani ba. Na biyu, su rubuta mas'alolinsu da kansu, da Hausa da Faransanci: yadda ƙungiyar manoman albasa ta Galmi take sayar da amfaninta, yadda mata masu adashi suke hukunta wadda ta makara, yadda wani gidan fatauci ya tsira bayan rasuwar mai shi, wani kuma ya rushe. Amfanin irin wannan mas'ala shi ne ɗalibi yana iya rufe takarda ya hau mota ya je ya tambayi masu abin, su kuma su gaya masa inda hukuncinsa ya kauce. A nan ƙungiyoyin al'adu suna da rawar takawa, domin su suka saba zama gaban dattawa da na'urar ɗaukar magana, kuma tarihin kasuwa bai gaza tarihin sarauta cancantar a adana shi ba.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan rabo tun kafin a gina Wharton. Madugu uban tafiya ba a aji yake samun sunansa ba, sai ya bi hanyar sau da yawa a bayan wani, ya san rijiyoyi da sarakuna da mafakar ƴan fashi. Wannan ita ce gaskiyar Mintzberg, kuma ba ta da musu. Amma ayarin bai taɓa tashi da madugu kaɗai ba. Akwai jagaba a gaba, akwai uban dawaki, akwai kuma malamin ayari da tawadarsa, mai rubuta wasiƙu da lissafi. Littafin ya yi wa madugu kirari yadda ya kamata, ya kuma kori malamin da ya hau dokin madugu ba tare da sanin hanya ba. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram sai ya karɓi wannan, ya kuma kula kada a garin korar a bar ayari ba mai riƙe alƙalami.